Wasan Soyayya Mai Ƙarewa a Zama Guda: Daga New York zuwa Titin Gidan Zoo

Masu nazarin wasan kwaikwayon talabijin sun raba shi gida biyu. Akwai shiri mai dogon zango, wanda labari ɗaya yake ci gaba mako bayan mako, akwai kuma wanda kowane mako yake zuwa da sabon labari da sababbin 'yan wasa, a fara shi a gama a zama guda, babu abin da ya haɗa shi da na makon jiya sai sunan shirin da kamfanin da ya ɗauki nauyinsa. Wannan tsari na biyu ne ya yi tashe a farkon zamanin talabijin a Amurka, tun daga Kraft Television Theatre da tashar NBC ta soma a 1947, kuma da yake kai tsaye ake watsa yawancin wasannin daga New York, ba damar gyara kuskure, sai marubuta suka karkata ga labarin da ɗaki ɗaya ko biyu za su ɗauke shi, wanda soyayya ta fi komai dacewa da shi. Fitacce a cikinsu shi ne Marty na Paddy Chayefsky a 1953, labarin wani tuzurun mahauci da mahaifiyarsa ta matsa wa da zancen aure, har ya haɗu a wajen rawa da wata malamar makaranta wadda samari suke yi wa kallon mummuna.

A Kano abin ya bi wata hanya dabam. Wasannin tashoshin gwamnati, wato NTA da CTV wadda Gwamna Abubakar Rimi ya kafa, wadda a yau ake kira ARTV a Hotoro kan titin Maiduguri, sun fi karkata ga barkwanci da wayar da kan jama'a, mai son kallon soyayya kuwa sai ya jira fim ɗin Indiya. Giɓin da aka bari littattafai ne suka fara cike shi, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ƙungiyar Tumbin Giwa kuma ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo a 1990.

Daga nan kaset ya riƙa yin aikin da talabijin bai yi ba. A benayen da ke jere a titin Gidan Zoo, daga shataletalen Dangi da ke Gyaɗi-Gyaɗi, aka buɗe ofisoshin furodusoshi da ɗakunan tace hoto da na ɗaukar waƙa, inda ake tsara labari a kai wa diloli a kasuwar Ƙofar Wambai, mai kallo kuma ya je shagon haya a Tarauni ko Unguwa Uku ya ɗauko sabon fim, ya ga jarumin da ya fito a ɗan sarki wancan makon ya dawo a talaka mai neman 'yar attajiri. Ko da yake an saba raba fim kashi na ɗaya da na biyu domin a sayar sau biyu, labarin yana da ƙarshe, kuma dole marubuci ya san inda zai tsaya.

Abin da ya kashe tsarin a wuraren biyu kuɗi ne. A Amurka aikin ya koma Hollywood, masu talla suka fi son fuskar da za ta dawo kowane mako, aka rufe shirin Kraft a 1958. A Kano satar fasaha da tura finafinai ta waya da finafinan Indiya masu fassarar Hausa suka durƙusar da kasuwar faifai, sai tashar Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ta zo da Daɗin Kowa, daga baya Labarina na Aminu Saira ya biyo a 2020, furodusoshi kuma suka yi tururuwa zuwa YouTube, inda yawan masu dawowa kallo ne ma'aunin riba. An samu ingancin hoto da zurfin hali wanda fim ɗin awa biyu ba ya bayarwa, sai dai a shirye-shirye da yawa saɓanin masoya da magana ɗaya za ta warware akan ja shi zango guda, domin ranar da aka ɗaura auren ranar ce masu talla za su fara neman wani shirin.