Ba Kan Baba Ne Ya Toshe Ba

Na gaji da jin wata magana a bakin samarinmu masu haɗa manhajojin waya, wai tsofaffi ba sa gane waya, kansu ya riga ya toshe, don haka ɓata lokaci ne a sa su a lissafi. Da wannan hujja ake fito da manhajar sayen tikitin silima mai rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, idan dattijo ya kasa aiki da ita sai a ce ai dama an faɗa.

Aikin manhajar tikiti bai taka kara ya karya ba: ka zaɓi fim da lokaci da kujera, ka biya. Shi ke nan.

To wai wa ake cewa bai san silima ba? Tun 1937 aka buɗe gidan silima na Rex a Kano. Mai shekara 65 a yau shi ne saurayin da ya sha layi a Plaza da Orion da Eldorado a shekarun 1970 da 1980, ya bi labarin fim ɗin Amitabh Bachchan na awa uku daga farko har ƙarshe alhali ba ya jin Indiyanci, ya dawo majalisa ya ba da shi tiryan-tiryan. Shi ne yanzu yake cika zauren WhatsApp na dangi da saƙon murya tun bayan asuba. A farkon 2023, da takardun naira suka yi ƙaranci, 'yan kasuwa masu furfura a Kwari da Singa suka koyi turawa da karɓar kuɗi ta waya, domin ciniki ba ya jira. Mutumin da yake riƙe da lissafin bashin kwastomomi da ka, shi ne zaɓen kujera zai gagara? Haba jama'a!

Jiki ne ya canja. Daga wajen shekara 40 ido yakan fara kasa ganin abu na kusa, shi ya sa za ka ga baba yana nesanta waya da fuskarsa yana ƙanƙance ido. Rubutu ruwan toka a kan fari ɓace masa yake yi. Yatsa kuma ba ya sauka daidai inda aka nufa. Ga tsoro, wanda yake da dalili: kuskure ɗaya a wurin biya, kuɗi ya tafi. Tsadar data da rashin sabis ma suna nan, amma wannan ya shafi kowa.

Abin haushin, an daɗe da rubuta maganin. Ƙa'idojin da ƙungiyar W3C ta fitar a 2008 sun ce bambancin hasken rubutu da na bayansa ya kai 4.5 bisa 1, kuma mutum ya iya ninka girman rubutu ba tare da shafin ya hargitse ba. Google ya ba da shawarar duk wurin da za a danna ya kai kusan milimita 9. Je ka auna kujerun da ke taswirar zauren kallo a manhajarka. Baba zai nufi kujera ta 7 ya danna ta 8, ya nemi gyarawa ya danna ta 18. Me zai hana manhajar ta tambaye shi kawai, gaba kake so ko baya, kusa da ƙofa ko tsakiya, ku nawa ne, sannan ta zaɓa masa? Mai ciwon gwiwa abin da ya dame shi ya san matattakala nawa zai hau.

Sai agogon nan da ke ƙirge a saman allo yana barazanar sakin kujera. Kafin baba ya lalubo tabarau, ya fita ya duba lambar da banki ya turo, ya dawo, an mayar da shi farko. Ku tsawaita lokacin, ku sa maɓallin neman ƙari. Ku daina sa alamomi tsirara ba kalma; layi uku a kusurwa ba su gaya wa kowa komai ba, ku rubuta “Tikitina”, ku rubuta “Koma baya”, da Hausa, har da murya ga wanda bai yi boko ba. Kada ku tilasta buɗe imel kafin sayen tikiti ɗaya, lambar waya ta isa. Kafin a cire ko sisi a nuna masa fim da rana da kujera da jimillar kuɗi da manyan baƙi, tikitin kuma ya zo ta saƙon tes yadda ko ba data zai nuna a ƙofa.

Ku ji tsoron Allah, domin wahalar da kuke ƙirƙira ita ce take sa dattijo ya miƙa katinsa da lambar sirrinsa ga yaron maƙwabta, kuma mun san inda hakan yake ƙarewa. Kafin ku saki manhaja, ku ba iyayenku biyar ko shida su sayi tikiti kuna kallo, hannunku a aljihu, bakinku a rufe. Duk inda Hajiya ta tsaya ta ce “Yanzu kuma ina zan taɓa?”, ku rubuta wurin ku koma ku gyara shi.