Sauya Ringin Tsohon Babur: Abin Da Na Koyo A Gareji

Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata malaminmu ya ba mu jinga a kan Hausar rukuni, ya ce kowa ya zaɓi sana'a guda ya tattaro kalmomin masu ita. Ni ban sha wahalar zaɓe ba, domin a lokacin babur ɗin yayana yana kwance. Da shi yake acaɓa a Ibadan, kuma daga abin da yake samu ake biya mini kuɗin makaranta. Wata biyu kafin nan wani makanike ya sauya masa ringi, amma hayaƙi ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. Sai muka tura shi wurin wani dattijon makanike Bahaushe a unguwar Sabo. Da na tambaye shi, "Baba, ko ringin ne ba shi da kyau?" sai ya ce, "Yaro, ringi ba shi da laifi. Gidan da aka sa shi ne ya buɗe." Kwana uku na yi a garejinsa kafin na fahimci wannan magana, kuma ita nake son in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai.

Mene Ne Ringi?

Babur ɗin Honda CG125 ne, samfurin da aka fara ƙerawa a 1975. Silindarsa ɗaya ce, faɗinta milimita 56.5. A cikin silinda akwai fistin, wanda yake hawa da sauka. Idan ya hau sai ya matse iska da fetur, filogi ya ba da wuta, ƙarfin fashewar ya turo shi ƙasa. Dole a bar ɗan sarari tsakanin fistin da bangon silinda, domin ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi. Ringi shi ne zoben ƙarfen da ke toshe wannan sarari. Ba rufaffen zobe ba ne, an yanke shi a wuri ɗaya don ya riƙa tokare bango da kansa. Wani injiniyan jirgin ƙasa na Ingila, John Ramsbottom, shi ya ƙirƙiro irin wannan zobe a 1852.

A injin da ake zuba wa baƙin mai daban da fetur, ringi uku ne. Na sama yana tsare matsin iska. Na biyu yana taimaka masa, yana kuma share ragowar mai. Na ƙasa shi ne ringin mai, yana kankare baƙin mai daga bango ya mayar da shi cikin inji. Haka kuma ta jikin ringi mafi yawan zafin fistin ke wucewa zuwa silinda.

Alamomin Lalacewa

Alama ta farko ita ce shuɗin hayaƙi daga salansa, wanda ke nuna baƙin mai yana haurawa yana ƙonewa. Baƙin hayaƙi kuwa magana ce daban, yawan fetur ne, sai a duba kafireto ko matatar iska. Sauran alamomin su ne shan baƙin mai, da jiƙewar filogi, da wuyar tashi da safe, da kasa hawan tudu. Kik ma yakan yi laushi a ƙafa.

Sai dai bawul da ya lalace shi ma yakan zubar da matsi. Ga yadda Baba ya bambanta su: ya cire filogi ya auna matsin silinda, sannan ya ɗiga baƙin mai kamar cikin ƙaramin cokali ta ramin filogin, ya sake aunawa. Matsin ya ƙaru sosai, domin man ya toshe ɓarakar ringi na ɗan lokaci. Da bawul ne, da awon bai motsa ba.

Awo Kafin Saye

Bayan an kwance salansa da kafireto da kan inji, aka zare silinda. Nan take Baba ya cusa tsumma a bakin injin, don kada wani ƙaramin ƙarfe ya faɗa ciki. Ya ce in sa farce a bangon silinda kusa da sama. Na ji wani ɗan tudu. Wurin nan ne ringi ba ya kaiwa, saboda haka shi kaɗai ya rage a yadda aka ƙera shi, ƙasa da shi duk ya cinye.

Daga nan ya sa ringi shi kaɗai cikin silinda, ya tura shi da kan fistin don ya zauna daidai, ya auna tsakanin bakinsa biyu da wasu siraran ƙarafa masu lamba a jiki. Ga ƙaramin inji irin wannan, tsakanin da ake so a sabon ringi yakan kama daga milimita 0.15 zuwa 0.35. Ya auna a ƙasan silinda, ya sake aunawa can sama inda aka fi gogayya. Na sama ya zarce na ƙasa nesa ba kusa ba. Ma'ana silindar ta buɗe daga sama, kuma ta daina zama da'ira sosai. Sabon ringi da'ira ne, ba zai iya rungumar bangon da ya karkace ba. Kuskuren makaniken farko ke nan: ya sayi ringi bai auna gidansa ba.

Maganin shi ne a kai silinda wurin masu injin gurzar ƙarfe su faɗaɗa ta, a sayi fistin da ringi masu girman da ya dace. Girman yana hawa ne mataki-mataki: 0.25 da 0.50 da 0.75 da 1.00. Tamu sai da aka kai ta 0.50, wato ta koma milimita 57. Idan kuwa awo ya nuna silinda tana nan lafiya, ya isa a ɗan goge santsin bangonta a bar siraran zane masu gilma juna, domin su ne ke riƙe mai har sabon ringi ya zauna.

Yadda Ake Ɗaurawa

Da farko a wanke silinda sosai har sai farin tsumma ya fito ba datti. Sannan a gwada kowane sabon ringi a cikinta. Idan bakinsa ya matse da yawa, a ɗan rage shi da magagari, in ba haka ba zafi zai haɗe bakin biyu, ringin ya karye ko ya karce bango. Idan tsohon fistin za a mayar, a kankare baƙin da ya daskare a gurbin ringi.

Ringin mai ake fara sawa, sai na biyu, sai na sama. Gefen da ke da harafi shi ke duban sama. Da yatsu ake buɗa shi a hankali, domin yana da saurin karyewa. Kada bakunan uku su yi layi ɗaya. A raba su kusurwa uku, wato digiri 120 tsakaninsu. Alamar IN da ke kan fistin tana fuskantar kafireto. A sa sabon kilif da sabon gaskit, a shafa baƙin mai, sannan a sauko da silinda ana danna ringi ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce duk wanda ya ɗauki guduma a nan ya shirya sayen wani ringin.

Bayan an tayar da inji, ya gargaɗi yayana cewa a kilomita 500 na farko ban da gudu, ban da lodi, sannan a juye baƙin mai. Ya kuma nuna mana matatar iskar da ta yage, ya ce ƙurar da ke shiga ta nan ita ta cinye silindar.

Kalmomin Gareji

Ta fuskar harshe na lura da abubuwa uku. Sautin p na Turanci ya koma f, kamar a fistin da filogi. Baƙaƙe biyu da suka haɗu an raba su da wasali, kamar a sifana da kilif. An kuma ƙara wasali a ƙarshen kalma, kamar a ringi da noti. Amma aikatau ɗin na Hausa ne tsantsa: inji yana shan mai, silinda ta cinye, ringi ya zauna.

Kammalawa

Gyaran farko ya fi araha, amma sau biyu muka biya, ga kwanakin da babur ya yi ba ya nema. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Duk wanda makanike ya ce wa ringi ne, to ya tambaya ko an auna silinda. Babur ɗin yayana ya koma titi ba hayaƙi, ni kuma na miƙa jingata da kalmomi 46. Allah ya sa mu amfana da abin da muka karanta, amin.