MATSIRGA TA KAFANCHAN: HANYAR ZUWA DA ZAGAYA WURIN

Mutanen garuruwan bakin teku, irin su Legas, sukan fita gaɓar ruwa ran hutu su sha iska. Kafanchan, da ke kudancin Jihar Kaduna, ba ta da teku, amma tana da nata wurin shan iska, watau Matsirga, inda kogi yake tsirgowa daga bisa dutse ya faɗa cikin kwazazzabo mai zurfin kimanin mita 30. Ruwan daga maɓuɓɓugan duwatsun Kagoro yake tasowa. In ya iso bakin dutsen sai ya rabu kashi huɗu ya zuba ƙasa da ƙugi, feshinsa ya tashi kamar hayaƙi, har in rana ta haska shi akan ga bakan gizo a ciki.

Zuwa Matsirga ba shi da wuya. Amma lokacin da wurin ya fi ban sha'awa shi ne kuma lokacin da ya fi haɗari. Saboda haka ya kamata mai niyyar zuwa ya san hanya, ya san lokaci, ya kuma san halin ruwan tun kafin ya bar gida.

YADDA AKE ISA KAFANCHAN

Hanyar jirgin ƙasa ce ta raya Kafanchan. A 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗu da na Kaduna, aka kuma fitar da reshe daga nan zuwa Jos, garin ya zama mahaɗa. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa suka taru daga sassa dabam dabam na Nijeriya, suka zauna tare da Fantswam, waɗanda su ne mutanen wurin tun asali. Sarkin Jama'a ma ya dawo da fadarsa nan a 1933. Amma tsohon layin ya daɗe da daina ɗaukar fasinja yadda ya saba, sabon layin Abuja zuwa Kaduna kuwa, wanda aka buɗe a 2016, bai bi ta Kafanchan ba. Don haka mota ce abin dogara.

Wanda ya taso daga Kano, ko Katsina, ko Sakkwato, ko Zariya, sai ya fara sauka Kaduna. Daga nan hanya ta bi ta Kujama da Kachia da Zonkwa, tafiyar da ta kai kilomita 200 ko fiye. Mai zuwa daga Jos tafiyarsa ta fi gajarta, kimanin kilomita 100 ce, yana iya biyowa ta Manchok da Kagoro, ko kuwa ya gangaro Hawan Kibo ya shigo ta Gidan Waya. Daga Abuja akwai hanya ta Bwari da Jere da Kwoi, akwai kuma ta Keffi da Akwanga da Gwantu. Wanda ya zo ta jirgin sama sai ya sauka Kaduna, ko Abuja, ko filin Heipang kusa da Jos, ya ƙarasa da mota.

Lalle ne matafiyi ya shiga mota a cikin tasha, inda aka san direba aka kuma san motarsa, kada arha ta ja shi ya tari mota a bakin titi. Ya yi sammako domin ya sauka da sauran rana. A shekarun baya an sha fama da 'yan fashi da masu satar mutane a waɗansu hanyoyin yankin, saboda haka tafiyar dare ba ta da amfani. Ya tambayi direbobi halin da hanya take ciki a ranar da zai tashi, gama labarin makon jiya ba ya isa.

DAGA GARI ZUWA BAKIN RUWA

Matsirga tana bayan gari, wajen Madakiya, ƙasar Bajju, ta ɓangaren hanyar Zonkwa, 'yan kilomitoci kaɗan daga Kafanchan. A cikin gari babura na acaɓa da kekuna masu ƙafa uku su ne abin hawa. Dabara ita ce baƙo ya yi ciniki da mai abin hawa na zuwa da komowa gaba ɗaya, su yanka kuɗi tun kafin a tashi, su kuma sa lokacin dawowa, domin ba kullum ake samun wanda zai ɗauko mutum daga can ba. Ƙarshen tafiyar da ƙafa ake yi, a kan turba mai duwatsu da gangare. Takalmi mai kama ƙasa ake bukata, silifa ba ta yi. A riƙo ruwan sha da guzuri daga gari.

Hausawa sun ce sai da ɗan gari akan ci gari. Baƙo ya gai da mutanen da ya tarar, ya nemi wanda ya san wurin ya yi masa jagora, ya kuma sallame shi da abin da ya dace. Kada ya ratsa gonar mutane, kada ya tsinki abin da bai shuka ba, kada kuma ya ɗauki hoton kowa sai da yardarsa.

LOKACIN ZUWA DA HALIN RUWA

Damina a wannan yanki takan fara wajen Afrilu ta kai Oktoba, ta fi ƙarfi a Agusta da Satumba. A watannin nan ne Matsirga take cika ta batse, a nan ne kuma take cin rai. Dalili kuwa shi ne, ruwan sama yana iya sauka a kan duwatsun Kagoro alhali rana tana haskawa a Matsirga. Dutse ba ya shan ruwa, sai ya koro shi cikin kogi gaba ɗaya, kafin mai wanka ya farga ruwan da ke iya gwiwa ya kai ƙirji. In aka ga ruwa ya fara yin ja, ko yana ɗauke da ganye da karare, ko ƙuginsa ya ƙaru, to, a fito nan da nan a hau tudu.

Haɗari na biyu santsi ne. Feshin ruwa yana sa gansakuka ta rufe duwatsu, wanda ya matsa bakin dutse don leƙe ko ɗaukar hoto yana iya zamewa. Na uku shi ne gurbin da ruwan ke faɗawa: a nan ruwa juyawa yake yi yana jan abu ƙasa, ko gwanin iyo ba ya iya masa. Kada kowa ya yi tsalle daga bisa, kada wanda ya sha giya ya shiga ruwa. Malaman da suka kawo 'yan makaranta su ƙidaya su wajen sauka da wajen hawa. In wani ya faɗa, a miƙa masa gora ko igiya, a yi kururuwa, kada wanda bai iya ruwa ba ya bi shi, don kada asara ta zama biyu. Babban asibitin gwamnati yana cikin Kafanchan.

Iyali masu ƙananan yara gwamma su zo tsakanin Nuwamba da Janairu, sa'ad da ruwa ya ja da baya, turba ta bushe, amma kogin bai ƙafe ba.

WURAREN DA KE KEWAYE

Wanda ya yi doguwar tafiya bai kamata ya koma da ganin wuri ɗaya ba. Kagoro tana ɗan taƙi kaɗan daga Kafanchan, a gindin duwatsun da ke ba Matsirga ruwa. Ran 1 ga Janairu kowace shekara ake bikin Afan a can, masauki kan yi wuya a makon, sai a nema da wuri. Hawan dutsen kuwa sai da jagora.

Ta wajen Kwoi, ƙasar Ham, akwai ƙauyen Nok, inda masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a 1928. Bernard Fagg ya bi diddiginsu tun daga 1943, aka gane waɗansunsu sun haura shekara 2,000, yau ana iya ganin irinsu a gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. Doka ta hana saye da sayar da irin waɗannan kayan tarihi, duk wanda aka yi wa tallarsu ya ƙi. Mai neman tsaraba ya shiga kasuwa ya sayi citta, wadda wannan yanki ya yi suna a kanta, ko acca, ko zuma.

Matsirga dukiyar jama'a ce. Mai ziyara ya kwashe robobinsa da ledojinsa ya tafi da su, ya bar bakin ruwa tun rana ba ta yi sanyi ba, ya kwana cikin gari, da safe ya kama hanyar gida.