Kwaɗon Takarda da Sirrin Tsalle

Duk yaron da ya kori kwaɗo a fadamun Isa ko Sabon Birni ya san tsallensa. To, daga ina ƙarfin yake? A 2011 masana a Jami'ar Brown ta Amurka sun nuna cewa tsoka kan fara ɗame agarar ƙafa, kamar jan danƙo, sannan agarar ta saki ƙarfin lokaci guda.

Malamai, ko babu ɗakin gwaje-gwaje ana iya nuna wannan. A naɗa kwaɗo da takarda mai kauri, a lanƙwasa bayansa gaba da baya. In an danna, lanƙwasar ta ajiye ƙarfin yatsa. Da yatsa ya zame, sai tsalle. Ɗalibai su auna nisan, su sake gwadawa da takardar jarida.