Gani Ya Kori Ji, In An Iya Nunawa

Dattawanmu ba su manta da majigi ba. A zamanin Turawa mota takan zo gari da magariba, a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna hotunan noma da na tsabta, wani kuwa yana tsaye yana bayani da Hausa. Yau majigi ya shiga aji. A makarantun Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha 'ya'yanmu suna koyon shirya darasi a kwamfuta, su haska a bango.

Abin nan ya shafe mu manoma. Tun 2016 wata baƙuwar tsutsa, wadda asalinta nahiyar Amurka ne, ta shigo Nijeriya tana ɓarnar masara. Sai ƙungiyarmu ta roƙi waɗansu ɗalibai su nuna mana ita. Yaron farko ya cika bango da rubutun Turanci, ya juya mana baya yana karantawa. Dattawa suka yi ta gyangyaɗi. Aka tashi ba wanda zai iya gane tsutsar a gonarsa.

Ba mu ga laifin yaron ba, gama ba a koya masa ba. Muka zauna da malaminsu, ya sa su gwaji a aji. Ga abin da ya koya musu:

1. Hoto ɗaya, magana ɗaya. Rubutu kada ya wuce layi biyu, da manyan baƙaƙe.
2. A ɗauko hoton daga gonar gida: ganye mai huda-huda, da kashin tsutsa mai kama da garin katako a zuciyar masara.
3. Mai magana ya fuskanci jama'a, ya yi Hausa ko Gbagyi, ya dakata a yi tambaya.
4. A zo da karan masara a hannu, domin wuta takan ɗauke.

Da suka dawo, wata yarinya ta nuna hotuna shida kaɗai. Wani dattijo ya miƙe ya ce, "'Yata, wannan ai ita ce a gonata!" Kashegari da sassafe ya tafi duba masararsa.

To, 'yan ƙungiya, ku nemi ɗalibanku tun kafin damina, ku ba su wurin gwaji. Tsutsar da aka gane da wuri ba ta cinye rumbu.