Kai, Hanji, Ƙaya da Ɓawo: Ina Ragowar Kifi ke Ƙarewa?

A masana'antun da ke yanke tsokar kifi zalla su zuba a leda, abin da ake turewa gefe yakan kai kashi 70 cikin 100 na nauyin kifin, in ji Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Mu nan asararmu ba ta kai haka ba, domin babu mai yar da kan tarwaɗa alhali tukunyar farfesu na jira. Amma hanji da ɓawo da jini, waɗannan kam kwata ce makomarsu a yawancin kasuwanninmu. Abin yana damuna, kuma ya fi damuna tun da na san abin da wasu al'ummu suka yi da irin wannan tarkacen.

Rumawan dā ba sa wasa da hanjin kifi. Sukan jera shi cikin manyan kwatarniyoyin dutse, su barbaɗe shi da gishiri mai yawa, su bar shi a rana watanni har ya narke, sannan su tace ruwan da ya taso sama. Sunansa garum, kuma matsayinsa a girkinsu kamar na daddawa ne a namu: warinsa ya kori baƙo, rashinsa ya lalata miya. Har yau kufan wuraren haɗa shi suna nan a Baelo Claudia ta kudancin Sifaniya da Lixus ta Maroko. A 2017 masu binciken kayan tarihi suka gano kimanin tankuna 100 na wannan aiki a ƙarƙashin teku kusa da Nabeul ta Tunisiya. A Pompeii, garin da aman wutar dutse ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, wani attajiri mai suna Umbricius Scaurus ya ƙawata daɓen gidansa da hotunan tulunan garum ɗin da ya yi arziki da shi. Wani marubucin Rum mai suna Pliny ya ce mafi tsadarsa, wanda ake kawowa daga Kartajena ta Sifaniya, lita 6 da 'yan kai na cin sulallansu 1,000, a zamanin da albashin sojan Rum na shekara guda bai wuce 900 ba.

A tsibiran Lofoten na arewacin Norwe, idan an sare kawunan kifin kod, yara ne ke fara hawa kansu. Bayan an tashi makaranta sai su sa rigar leda, su riƙa soka kai a ƙarfe mai tsini suna yanke harshen, su sayar, kuɗin kuma nasu ne. Sauran kan a ɗaure shi a rataya a iska mai sanyi har ya bushe ƙarau. Babbar kasuwarsa? Najeriya. Shi ne ake gani a kasuwar Sabon Gari ta Kano cikin kayan miyar da Ibo ke kira okporoko. Busasshen kifin Norwe ya ƙara kafuwa a ƙasar nan ne lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da aka riƙa kai shi agaji ga yaran da yunwa ta kumbura.

Giwan ruwa, wanda kamunsa ke sa a ɗaga mutum sama a gasar Argungu, yana da wata farar jakar iska a cikinsa da ke taimaka masa tsayuwa a tsakiyar ruwa. A Tafkin Biktoriya, da can ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Yau idan ta bushe, kilonta ya ninka kilon tsokar sau da yawa, saboda masu kuɗi a Hong Kong da kudancin Sin na dafa ta a miya, suna ba da ita kyauta a bukukuwa. Masuntanmu na Yawuri da Baga ya kamata su san darajar abin da ke fita daga cikin kifin da suke fedewa. Sai dai wannan ciniki yana da mummunar fuska. A mashigin tekun Kalifoniya na Meksiko, farautar jakar iskar wani kifi mai suna totoaba ta sa ana shimfiɗa raga ba bisa ƙa'ida ba, ragar kuma na shaƙe wata 'yar dabbar ruwa mai shayarwa, vaquita, wadda ba a samun ta ko'ina a duniya sai can. Waɗanda suka rage ba su wuce kimanin 10 ba.

A Kisumu ta Kenya, a bakin Tafkin Biktoriya, bayan kamfanoni sun kwashe tsokar giwan ruwa zuwa Turai, mata kan sayi ƙwarangwal ɗin da kansa su soya su sayar a unguwannin talakawa. Masu tafkin ke nan, da ƙaya suke ƙarewa.

Ɓawo ma yana da labari. A ƙarni na 17 wani mai sana'ar carbi a Faris, Jacquin, ya lura cewa ruwan da aka wanke ƙananan kifaye yana ƙyalli. Ya tara abin da ke sa ƙyallin, ya shafa shi a cikin ƙwallayen gilas, sai ga lu'ulu'un jabu da ke ruɗin ido. Sinadarin, guanine, an daɗe ana sa shi a jan-baki da jan-farce. Daga jakar iskar kifi kuma ake dafa wani gam mai tsabta da masu gyaran tsofaffin littattafai da zane-zane ke ji da shi. Fatar kifi tana ba da jelatin, wanda ya zama mafita ga Musulmin da ke gudun na alade a alewa da kwanson magani.

A wurin fatar nan ne zan ɗan daɗe. Likitoci a Fortaleza ta arewa maso gabashin Burazil sun fuskanci ƙarancin fatar mutum da ake rufe ƙuna da ita, ga kuma gonakin kifi na zubar da fatar karfasa tuli-tuli. Sai suka gwada: a wanke ta, a kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinta, a shimfiɗa a kan ƙunar. Tana manne wa ciwon, tana riƙe danshi, tana iya kwanaki ba a taɓa ta ba. Duk wanda ya taɓa jin kukan yaron da tafasasshen ruwa ya ƙona lokacin da ake ɓare masa bandeji kullum safiya zai gane girman wannan sauƙi. Karfasar nan ita ce dai tamu, ta Kogin Neja da Tafkin Cadi. Bayan gobarar dajin Kalifoniya ta ƙarshen 2017, likitocin dabbobi sun ɗinka wa wasu beyar biyu fatar karfasa a tafukansu da suka ƙone, suka naɗe da bawon masara don ko sun cinye ba zai cuce su ba; sun warke, an mai da su daji. A Aisland kuwa, kamfanin Kerecis da ke sarrafa fatar kod don ciwon da ya ƙi warkewa, irin na masu ciwon suga, an sayar da shi ga Coloplast na Denmak a 2023 kan kuɗin da ka iya kai dala biliyan 1.3. Gargaɗi ɗaya: fatar asibiti ce da aka tsarkake, ba ɗanyar fatar bakin kasuwa ba. Kada wani ya gwada a gida.

Mutanen Hezhe na bakin Kogin Amur, a iyakar Sin da Rasha, da can da fatar kifi suke ɗinka riga da wando. Takubban samurai na Japan kuma da fatar wani kifin teku mai kaushi ake naɗe ƙotarsu don kada ta suɓuce.

Hatta farin ruwan namijin kifi bai tafi a banza ba. Friedrich Miescher, wanda ya fara ware sinadarin da yau ake kira DNA a 1869, da maniyyin kifin salmon na Kogin Rhine ya ci gaba da bincikensa a Basel, a nan kuma ya gano protamine. A 1936 Hagedorn na Denmak ya haɗa protamine da insulin don allurar ta daɗe tana aiki a jiki. Likitocin tiyatar zuciya ma da shi suke karya ƙarfin maganin tsinka jini idan an gama aiki.

Wani hanjin kuwa ajali ne. Kifin fugu na Japan, ɗan'uwan talibambam ɗin kogunanmu, yana da guba a hantarsa da ƙwansa wadda wuta ba ta kashewa. Sai mai lasisi ke fede shi, kuma doka ta ce a kulle kayan cikinsa a akwati mai makulli har a kai inda za a hallaka su. A 1975 fitaccen ɗan wasan kabuki, Bando Mitsugoro na 8, ya ci hantar a Kyoto, bai kwana biyu ba. A arewa maso yammacin Amurka, kare da ya ci ɗanyen hanjin salmon na iya kamuwa da cutar da ke kashe yawancin waɗanda ba a yi wa magani ba. Ruɓaɓɓen kifi a rufaffen ɗakin ajiyar jirgin ruwa kuma yana fitar da iska mai guba da ta sha kashe masunta, har da waɗanda suka shiga ceto.

To, a mai da ragowar ruwa ko kuwa? Ya danganta da wurin. A Kogin Rasha na Alaska, ana ce wa masu kamu su daddatsa ta ƙanana su jefa inda ruwa ke gudu, don kada tari ya jawo beyar. A jihar Kolarado kuwa hani ake yi, saboda wata cuta da ke sa ƙananan kifaye juyawa a wuri ɗaya tana yaɗuwa ta guringuntsin matattun kifi.

A ƙasa dai amfaninta ba ya da shakka. Masu bincike na Jami'ar Washinton sun shekara 20 suna ƙirga matattun salmon a wani rafi mai suna Hansen a Alaska, kuma don kada su ƙirga kifi ɗaya sau biyu, sai su jefa shi gefe guda na rafin. Sama da kifi 200,000 suka tara a wannan gefe. Da aka auna itatuwa, binciken da ya fito a 2018 ya nuna cewa na gefen da aka riƙa jefa kifin sun ƙara saurin girma. Manomin rani mai lambu a bakin fadama zai iya cin wannan moriya: rami mai zurfin kamu ɗaya, a zuba hanji da ɓawo, a rufe da ƙasa a danne don karnuka, a ba shi makonni kafin a dasa tumatir ko barkono.

Da can ungulaye ne ke share mana bakin kasuwa da mahauta kyauta. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun da muka saba gani cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da masu farautar sassan jikinta. Yanzu abin da mai gyaran kifi ya watsa a kwata ƙuda ne ke gadonsa, ƙudan kuma ya tashi ya sauka a kan tiren mai awara da ke gefe. Ganga guda mai murfi a kowane layin 'yan kifi, da yarjejeniya tsakanin sarkin kasuwa da masu lambu ko masu kiwon tarwaɗa su riƙa kwashewa kafin azahar, ba aikin da zai jira gwamnati ba ne.