WAƘA ƊAYA, FAYAFAI BARKATAI: WANNE NE "SOUL MAKOSSA" NA AINIHI?

Dattawan unguwar Gwallaga a birnin Bauchi, waɗanda suka yi samartakarsu lokacin da garin yake cikin Jihar Arewa Maso Gabas, har yanzu sukan yi gardama a kan wani kiɗa da suka taka a zamanin garmaho, watau "Soul Makossa". Wani ya ce na wani Bakamare ne, wani ya rantse na Olatunji ne ɗan Nijeriya, wani kuwa ya ce ai daga Amurka ya zo. Abin mamaki shi ne kowannensu yana da hujja, domin kowa da irin faifan da ya shigo hannunsa, masu ɗaukar kaset kuwa sau da yawa sunan waƙa kaɗai suke rubutawa, ba ruwansu da mai ita.

To, mai waƙar dai shi ne Manu Dibango, mabushin saksofon da aka haifa a Duwala ta ƙasar Kamaru a 1933. A cikin 1972 Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar ƙwallon ƙafa ta cin kofin Afirka karo na 8, Dibango ya shirya taken gasar a kan ƙaramin faifai, sa'an nan da yake dole a cika ɗaya fuskar, sai ya sa wannan kiɗa a baya. Kwango ta fitar da Kamaru a wasan kusa da na ƙarshe, ta kuma ci Mali 3 da 2 ta ɗauki kofin. Taken ya bi ruwa, abin da aka cike gurbi da shi kuwa ya ƙetare teku.

Wani mai sa fayafai a gidan rawa a birnin New York, David Mancuso, shi ya tsinci faifan a wani kanti, daga nan Frankie Crocker ya riƙa sa shi a gidan rediyon WBLS. Jama'a suka yi ca a kan kantuna, alhali kuwa 'yan ƙwayoyin da kamfanin Fiesta na Faransa ya buga sun ƙare. Nan fa 'yan kasuwa suka ga banza ta faɗi. Kafin a ce kwabo, ƙungiyoyin makaɗa fiye da 20 sun kwaikwayi kiɗan sun buga nasu da suna iri ɗaya. Sai a 1973 kamfanin Atlantic ya sayi iznin buga na ainihi, ya hau har matsayi na 35 a jerin waƙoƙi 100 na mujallar Billboard.

Wanda ya saurari na Dibango da kunnen basira zai ji cewa ƙarfinsa yana cikin rashin gaggawa. Jita mai kaurin murya tana maimaita zance ɗaya kamar mai daka, ganguna suna biye da ita ba su wuce gona da iri ba, shi kuwa ba ya rera waƙa sosai, magana yake yi ƙasa-ƙasa da muryar nan tasa mai kauri cikin harshen Duwala. Ya ɗauki kalmar makossa, sunan kiɗan rawa na mutanensa, ya kakkarya ta gaɓa-gaɓa ya mai da ita amshi. Sa'an nan ya busa ƙahon, ya yi shiru, ya bar fili. Wannan filin da yake bari shi ne abin da masu kwaikwayo suka kasa saya.

Na ƙungiyar Afrique shi ya fi yi wa na ainihi kishiya, domin tare suka shiga jerin Billboard a 1973. Ƙwararrun makaɗan haya ne na Amurka aka tara, kuma hannunsu ya faɗa, babu ko kuskure ɗaya. Amma fa a nawa kunnen tamkar tuwo ne da aka tuƙa da kyau aka manta da daddawa a miya. Amshin ma sun yi shi ne kamar ɗalibin da ya haddace karatu bai san fassara ba.

Na Babatunde Olatunji daban ne, kuma ya cancanci a dakata a kansa. Shi mutumin Ajido ne kusa da Badagry, ya daɗe da zama a Amurka, ya yi suna tun da faifansa "Drums of Passion". A 1973 ya fitar da babban faifai mai wannan suna a kamfanin Paramount. Da yake makaɗin ganga ne, sai ya jawo ganguna gaba ya tura busa baya, har kiɗan ya koma kamar na dandali da daddare. Ban ga laifin dattijon da ya ce wannan ya fi masa daɗin rawa ba, amma daɗin rawa bai mai da shi mai waƙa ba. A shekarar ce kuma Lafayette Afro Rock Band, Amurkawa mazauna Faris, suka yi nasu, mai nauyin duka da yawan ƙahoni.

Akwai kuma waɗanda Dibango da kansa ya sake. Ya busa shi a gaban taro tare da Fania All Stars, makaɗan Latin na New York, aka fitar a faifan "Latin-Soul-Rock" a 1974, inda ake jin shewar jama'a da ƙananan ganguna suna tsere. A 1994 ya sake shi a faifan "Wakafrika" tare da Youssou N'Dour na Senegal. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin duk mai sauraron Alhaji Mamman Shata ya san bai cika rera Bakandamiya sau biyu iri ɗaya ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa ɗaya daga ciki jabu ce. Mai abu ne yake juya abinsa.

Saboda haka mai neman na farko ya duba sunan Manu Dibango da tambarin Fiesta na 1972, ko na Atlantic na 1973, domin ɗauka ɗaya ce. Na Fiesta ne dai mai wuyar samu.

Maganar haƙƙi kuwa ba ta tsaya a kan masu kwaikwayon 1973 ba. Michael Jackson ya ɗauki amshin ya ɗan sauya shi a ƙarshen "Wanna Be Startin' Somethin'" ta faifan "Thriller" na 1982 ba tare da izni ba, daga baya aka sasanta a wajen kotu ya biya. Rihanna ta sake ɗaukarsa daga wurin Jackson a waƙarta "Don't Stop the Music" ta 2007, Dibango ya kai ƙara a Faris a 2009, alƙali ya ƙi karɓar ƙarar. Ya rasu a Faransa ranar 24 ga Maris, 2020, sakamakon cutar korona, yana da shekara 86.